Akwatin da Ya Hau Kwalekwale

Haɗeja, watan Satumba.

Zuwa ga ƙawata Adila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya maigidan da yara, ya kuma zafin Yamai? Ni lafiya lau, irin lafiyar malamar Faransanci a makarantar da ba mai son Faransanci. Yanzu har an ɗora mini tsaron ƙofa don kama masu makara, aikin da ya dace da digirina ƙwarai.

Kin ji labarin ambaliya. Ruwa ya ci ƙauyen Kawu Zarami da ke wajen Auyo, yayan mahaifiyata da ya riƙe ni tun rasuwarta. Ba a rasa rai ba, alhamdulillahi. Kin tuna baƙin akwatin ƙarfen nan da na cika da littattafai muna jami'a? A gidansa na ajiye shi, don ɗakin hayata ba zai ɗauke mu tare ba. Da ruwa ya iso tsakar gida, kwalekwalen maƙwabci ya ɗauki matar Kawu, Inna Kulu, da jikoki, sai wurin kaya ɗaya ya rage: ko akwatina, ko buhun irin shinkafarsa. Ba irin kasuwa ba ne, Adila. Gajera ce mai ƙamshi, yana ware ta kowace kaka tun zamanin mahaifinsa, kuma shi kaɗai ya rage da ita a ƙauyen. Kawu ya ɗauki akwatin. Wai ba a barin ilimi a ruwa.

Ranar kasuwa ya kawo mini shi a bayan babur, yana ta shafa murfin. Ya riga ya gaya wa duk waɗanda suka fake tare a makarantar firamare cewa ya ceci karatun 'yarsa. Sai ya tambaye ni abin da ke ciki, ilimin magani ne ko na shari'a. Na ce masa shayinsa zai huce.

Ke kin san abin da ke ciki. Belles-lettres. Kin tuna yadda muka haddace ma'anarsa don jarrabawa: rubutun da aka yi don kyawun harshe da daɗin tsari, ba don koyar da sana'a ko yanke hukunci ba. Na ci maki mai kyau a wannan tambayar. Ba wanda ya koya mana yadda ake faɗa wa manomi haka.

Ki gaishe da kowa.

Taki,
Bushira.


Haɗeja, watan Oktoba.

Adila,

Sallama da gaisuwa. Allah ya sa aiki ne ya hana ki amsa, ba ciwo ba.

Inna Kulu ta aiko mini cewa in ce masa na magani ne, kowa ya huta. Na so in bi shawararta. A garin nan shi kaɗai ke ƙwanƙwasa ƙofata ba don aron caja ba. Amma da ya sake tambaya, idonsa a kaina, sai ƙaryar ta ƙi fita.

Na ce masa labarai ne na mutanen da ba a taɓa haifa ba, da waƙoƙi, an rubuta su ne don su yi daɗi. Ya tambaya ko suna warkar da wani abu. Na ce a'a. Ya tambaya ko akwai sunan Allah a ciki. Na ce jefi-jefi. Ya ce ashe tatsuniya ce. Na buɗe baki in kawo masa bambancin da aka koya mana, sai na ga bambancin bai kai buhu ba.

Ya shanye shayinsa, ya yi godiya, ya ajiye mini busasshen kifi kamar kullum, ya tafi tun kafin la'asar. Kasuwa ta ci, ta sake ci, bai zo ba. Na je Guri da Kaugama neman irin. Duk mai shinkafar da na tambaya ya rantse ita ce a gabansa, kuma ba wadda ta yi ƙamshin.

Akwatin yana bakin gadona. Ban buɗe shi ba, sai dai in buge ƙafa da shi.

Taki,
Bushira.


Haɗeja, watan Nuwamba.

Ƙawata Adila,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarki da ta yara.

Kawu ya zo. Ya rame. Ya ce ya zuba irin kasuwa a fadama don noman rani, kamar kowa, bai ƙara komai a kai ba. Ya buɗe akwatin da kansa, ya riƙa ɗaga littattafan ɗaya-ɗaya yana jin nauyinsu a hannu, ya zaɓi mafi kauri ya miƙo mini. Ya ce tunda wannan ne ya zauna a wurin shinkafarsa, yana so ya ji muryarsa.

Na riƙa karanta layi da Faransanci, in maimaita da Hausa. Labarin wani tsoho ne a bakin teku, yana gyaran jirgin ruwan da ba zai taɓa hawa ba. Kawu ya tambayi wa ke ciyar da shi, na ce marubucin bai faɗa ba, ya girgiza kai. Can na ji numfashinsa ya sauya, ya yi barci jingine da bango. Ban tsaya ba. Na bar Hausar, na ci gaba da Faransancin kawai. Tun rabuwarmu, in ba a aji ba, ban furta shi da ƙarfi a gaban mai rai ba.

Kiran la'asar ne ya tashe shi. Bai ce ya yafe ba, bai ce abin ya yi masa daɗi ba. Ya zare tsinke daga tsintsiyata ya sa a shafin da ya san ya tsaya, ba inda na kai ba, ya ce sai kasuwa mai zuwa.

Ba sai kin yi saurin amsawa ba. Ranar kasuwa ina da mai sauraro, ko da yana barci.

Ki shafa mini kan yara.

Taki har kullum,
Bushira Gwadabe.