Huɗar Goggo Dorcas

Buckeye Cove, Carolina ta Arewa
Maris, 1864

Zuwa ga Yayata Tempie,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara, kuma tarin nan ya sake ki. Mu nan sai godiyar Ubangiji. Tsoho Absalom mai tallan allura ne zai tsallako miki dutse da wannan takarda. Na yarda da shi ne don bai iya karatu ba. In kin gama ki jefa ta a murhu.

Yaya, mijina Elkanah ya dawo. Ba sallamarsa aka yi ba, gudowa ya yi daga sojan Kudu ana tsaka da yaƙin basasar nan. Ya ce ya gaji da yi wa masu bayi yaƙi, su suna gida a inuwa, shi kuwa duk dukiyarsa alfadari ɗaya ne. Kin san hukuncin wanda ya gudu. In 'yan sintiri suka kama shi, a bakin shingenmu za su harbe shi ina kallo.

Da farko a kogo yake kwana. To ga lokacin shuka ya zo, ni da garma kuwa ba ma ga maciji, in ba a huɗe gonar nan ba yunwa ce za ta gama da mu. Sai na aske masa gemu, na sa masa rigar marigayiya Mama da malafarta mai rufe kumatu. Na gaya wa mutane ƙanwar Baba ce ta zo taya ni aiki. Saboda haka in an tambaye ki, muna da wata Goggo Dorcas, doguwa ce, kurma ce kuma, ba a yi mata magana.

Abin da ya hana ni sakewa shi ne maƙwabciyata Arzelia Buckner. Tun da aka kashe mijinta a Virginia bara ba ta tako gidana ba. Yanzu kullum tana tafe, yau aron rariya, gobe ɗiban wuta. Jiya ta tsaya tana kallon gona ta ce, "Kai Mahala, goggon nan taki akwai ƙashi! Wannan kafaɗa ai ta mai faskare ce." Na yi dariyar yaƙe.

Ki gaishe da kowa.
Ƙanwarki,
Mahala

Afrilu, 1864

Yaya Tempie,

Ina gaishe ki, ina fata kin tashi lafiya. Ni jikina lafiya lau, hankalina ne ba lafiya.

An gama huɗa. Kin san Elkanah da son a yaba masa. Layukan nan sun miƙe sar kamar an ja zare, ga zurfi, har ya tsaya yana murmushi a cikin malafa. Arzelia ma ta gani. Ta jingina da shinge ta daɗe tana kallo, sannan ta juya.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci na gan ta da idona tana magana da Gudger, shugaban 'yan sintiri. Yana ta ba ta labari yana shafa gemu, ita tana gyaɗa kai. Da ta hango ni sai ta sunkuyar da fuska. Kada ki ce na cika zargi. Mijinta da nawa rukuni ɗaya suke, nata ya tsaya ya mutu, nawa ya gudo yana cin tuwon masara. Da ni ce, ban san abin da zan yi ba.

Ki sa mu a addu'a.
Mahala

Afrilu, 1864

Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da yara. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Shekaranjiya da safe na ji gurnani, na fito. Arzelia ce ta cire itatuwan shingena, ta koro aladunta cikin gonar, ita kuma tana biye da saniyarta tana jan gungume a kan huɗar. Kafin in isa sun mai da ita kamar wurin dambe. Na zage ta tas, har na kai mata duka da muciya. Ta goge bakinta ta ce, "In kin gama, ki ce wa Goggo yau kanta na ciwo, ta kwanta ta fuskanci bango." Ban san me ya sa na bi maganarta ba.

Da rana ta take tsaka sai ga Gudger da mutanensa. Ko kallon gida bai yi ba, kai tsaye ya nufi gona a kan doki. Ya ce, "Uwargida, mu gona muke fara tambaya, ita ba ta ƙarya. Can gidan Shook muka ga huɗa miƙe, matar tana ta rantsuwa ita ta yi. A rumbu muka zaƙulo mai gidan." Yaya, sun harbe Shook, shi ma gudowa ya yi daga soja. Sai ya dubi tawa ya fashe da dariya. "Wannan kam mace ce ta yi, alade ya ƙarasa. Sannu da ƙoƙari!" Ɗayansu ya leƙa ɗaki, ya ga tsohuwa a lulluɓe, ya fito. Suka kama kaji biyu suka tafi.

Da suka yi nisa na ɗebi gishiri, ɗan abin da ya rage mana, na kai wa Arzelia. Ta ce a coci Gudger ya yi mata alfaharin dabararsa. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni.

"Riƙe godiyarki. Nawa yana cikin ƙasa a Virginia, naki yana cikin riga. Gonata ko garma ba ta gani ba bana, ga yara suna kallona. Ki turo mini Goggo ranar Litinin. Ki gaya mata ta karkata hannu."

Na ce, "Arzelia, gonarki fa a bakin hanya take, nan suke wucewa kullum."

Ta ce, "Na san inda gonata take."

"In ba ta zo ba fa?"

Ta karɓi gishirin ta ɗanɗana. "Za ta zo."

Tun daga lokacin nake juya maganar nan. Wani lokaci in ce baiwar Allah ce yunwa ta matsa mata, wani lokaci in ce igiya ta sa mana a wuya tun ranar da ta fara aron rariya. Bayan huɗa akwai noma, akwai girbi, akwai baɗi. Elkanah ya ce zai je, wai mijinta ya taɓa raba masa gurasa. Ni tsoro nake ji, Yaya, irin wanda ban taɓa ji ba.

Yau tun safe muna bayan gida, inda ba a hango mu, ina koya masa huɗar banza. Na ce ya sassauta garma, ya bar alfadari ya yi yadda yake so, ya yi tuntuɓe irin nawa. Yana farawa a karkace, sai in ce madalla. Kafin ya kai tsakiya layin ya miƙe, shi bai ma sani ba. Mun sake, mun sake, har na zauna a ƙasa ina kuka. Jibi Litinin, kuma hannunsa ya ƙi.

Allah ya sada mu da alheri.
Ƙanwarki,
Mahala