Kar ki ja firam ɗin nan

Maman Auta,

Har yanzu ina kan bakana: kyautar da mutum ya haɗa da hannunsa ta fi ta kanti daraja, kuma mai digiri biyu ba zai kasa manna kwali da maɓalli ba.

Kin tuna na hana ki saya wa ƙawar Auta kyautar bankwana, tunda yau za su tashi daga unguwa. Na ce ni zan yi mata firam. To, na yi: kwalin takalmina, maɓallan gwangwaninki, hotonsu su biyu a tsakiya. Sai dai gam ɗin ya fi ni himma, ya haɗa har da teburin cin abinci. Na sa wuƙa, kunnen ƙawar ya tafi.

Auta ta duba ta ce, "Baba, ai ka yi ƙoƙari." Abin da nake faɗa wa ɗalibin da ya faɗi jarrabawa ke nan.

Ta shiga ɗaki ta fito da wani abu a naɗe. Sai a ƙofar gidansu na ga ashe 'yar tsanarta ce mai jar riga, wadda ba ta barci sai da ita. Ta ce wa ƙawar ni na zaɓa.

Na wuce aiki. Kar ki ja firam ɗin, fentin tebur zai biyo shi, zan zo da kafinta. In ta dawo daga makaranta, don Allah kar ki tambaye ta 'yar tsanar. Na leƙa gadonta, ta riga ta kwantar da filo a gurbinta.

Baban Auta