Ban Sa Hannu a Kyautar Baba Ba

Ƙanƙara,
Lahadi, 13 ga Yuli.

Zuwa ga Yaya Nata'ala,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti Hajaratu da yara. Allah ya tsare ku a Fatakwal, ya sa wa kasuwa albarka. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana leƙa maƙwabta, ruwa ya zauna, masarar bayan gida ta kai ƙugu. Kiran bautar ƙasa bai fito ba tukuna, don haka ina nan ina taimakawa da darasin lissafi a makarantar da marigayi Baba ya koyar.

Yaya, na zaɓi in rubuta in ɗauki hoto in turo maka ne, domin in na kira ka muryata rawa za ta yi, ka ce in kwantar da hankali, maganar ta mutu. Raina a ɓace yake, kuma da kai nake.

Ka san ni aka ba aikin haɗa maki na Kyautar Malam Gide, wadda ka kafa da sunan Baba don ɗalibin da ya fi kowa lissafi a aji biyar. Ka kuma san wanda ya ci, shi ake rubuta sunansa a allon zauren taro, shi ake sakawa a ƙungiyar zaƙaƙuran ɗalibai, waɗanda tsofaffin ɗalibai ke ɗaukar wa malamai na musamman har jarrabawar shiga jami'a. Gurbin lissafi ɗaya ne tak. Na haɗa makin sau uku, da hannu da kuma na'ura. Shamsu, ɗan amininka Alhaji Ɗanliti, ya samu 79 da 81 da 80, matsakaicinsa 80 daidai. Wata yarinya Suwaibatu, wadda iyayenta suka taso daga wani ƙauye a wajen Tafoki bayan an rufe makarantarsu saboda rashin tsaro, ta samu 88 a zango na biyu, 91 a na uku. Zangon farko can ta yi shi, shi ya sa gurbinsa ba komai a rajistarmu. Ban zauna ba. Na hau babur zuwa Faskari, na nemo tsohon malaminta, ya ba ni katinta da hatimi da sa hannu: 84. Matsakaicinta 87.7. Ba kunnen doki ba ne, Yaya, tazara ce.

Ranar Alhamis mataimakin shugaban makaranta, Malam Badamasi, ya kira ni ofis ya ce in rubuta mata sifili a zangon farko, wai katin wata makaranta ba ya shiga lissafinmu. Da sifili sai ta koma 59.7. Na tambaye shi a wane shafi na dokar makaranta aka rubuta haka, don na karanta ta duka ban gani ba. Ya yi dariya ya ce ashe jami'a tsaurin ido take koya wa 'ya'ya mata yanzu. Da na ƙi tashi, sai ya ce in daina wahalar da kaina, mai kyautar da kansa ya bugo waya ya ce a duba Shamsu, wai shi ne zai ci gaba da karatu, ita kuwa 'yar gudun hijira ce, yau tana nan gobe ta koma ƙauye. Na ce ƙarya ake yi wa yayana. Ya miƙo mini wayarsa, na ga lambarka, ranar Talata, minti shida. Wallahi kunya ta hana ni ɗaga kai.

Wa ya gaya maka ba za ta ci gaba ba? Ka taɓa ganinta? Su tara ne a ɗaki ɗaya da wani mai shago ya ara musu, tana yin aikin gida a kan murfin bokiti, kuma kwana biyu kacal ta yi fashi tun Janairu. Shi kansa Shamsu, yaron kirki, da ya ji raɗe-raɗin ya same ni ya ce Malama kada a sa 'yan aji su yi masa dariya, kowa ya san littafin wa ake layi a kwafa. Na san an ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. To na hau, Yaya, na duba gabas da yamma, ban ga komai ba sai zumuncinka da Alhaji. In alheri kake son yi wa ɗansa, ka yi da sunanka. Me ya kawo sunan Baba?

Kai ka ba ni labarin yadda Baba yake naɗe saman kowace takardar jarrabawa ya soke da allura kafin ya duba, don kada idonsa ya ga suna. Kai ka kai ni zauren nan ina 'yar firamare, ka nuna mini shekararku a allo, inda aka rubuta Abdulganiyu maimakon kai saboda maki biyu, alhali Baba ne ya duba takardun. Ka ce kwana uku ba ka ci tuwon gidan ba don fushi, amma daga baya ka gane ba a taɓa yi maka gata irin wannan ba. Gwangwanin alluran yana nan a ɗakin Inna. Da shi na duba takardun bana.

Ga inda ake. Mai fentin da zai rubuta suna a allo zai zo Laraba da safe, bikin ba da kyautar kuma Asabar ne. Takardar makin ba ta wucewa sai da sa hannuna, ban kuwa sa ba. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba, domin Malam Badamasi ya tuna mini cewa ofishinsu ne zai rubuta mini takardar shaida. Amma ba zan sa ba. Ina roƙonka ka kira shi kafin Talata da la'asar ka janye maganarka. In ba ka kira ba, zan gaya wa Inna komai, wadda har yanzu ba ta sani ba, tana ta shirin ɗinkin da za ta sa ranar Asabar, sannan mu roƙi a cire sunan Malam Gide daga kyautar. Sai ka sa mata naka.

Ka yafe mini in harshena ya yi kaifi, girmanka yana nan a idona. Ka gaida Anti Hajaratu, da Abubakar Sadiq da Ikhlas. Inna tana gaishe ku, ta ce a tambaye ka ko za ka samu zuwa bikin, don tana so ka miƙa kyautar da hannunka ga wanda ya ci.

Ban san amsar da zan ba ta ba. Ina jiran taka.

Ƙanwarka,
Zulfa.