Takardar da Ta Ce Baba Ya Miƙa Wuya

Urafan, 12 ga watan Maris, 1985

Zuwa ga Yayana Gidiyon,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, tare da fatan wannan takarda ta iske ka lafiya, kai da matarka Maryamu, da kuma karatunka can Jos. Allah ya ƙara maka lafiya da buɗin kai. Mu nan da sauƙi. Tarin Inna ya ragu, sai dai ba ta cika magana ba yanzu. Ƙannenmu Musa da Altine kullum suna tambaya yaushe za a buɗe iyaka ka zo gida. Akuya ɗaya ta rage mana, ita ma ƙashi da fata. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san aji shida na tsaya a lakwal, makarantar boko, kuma ban saba rubuta wa babba takarda ba. Mai Nasara, mai fataucin kanwa, shi zai ƙetare da ita ta hanyar daji.

Na san saƙon rasuwar Baba ya same ka, amma ban sani ba ko an gaya maka yadda abin ya faru. Rijiyar unguwarmu ta ƙafe tun bayan Kirsimati. Samari duk sun tafi cin rani, babu mai shiga ya yashe ta, sai Baba ya ɗaura igiya a ƙugu ya ce a zura shi. Kwana huɗu yana haƙa, mu muna jawo ƙasa da guga. A rana ta biyar ya ɗaga murya daga can ƙasa ya ce yashi ya fara danshi, har muka ji yana dariya. Ba a jima ba gefen rijiyar ya rufta masa. Da aka tono shi, dagin yana hannunsa. Yunwa kam muna jin ta, anza muke jiƙawa kwana da kwanaki har ɗacin ya fita mu ci, amma ba ita ta kashe shi ba.

Mako uku bayan haka wata ƙungiya ta ƙasar Turawa ta zo da kamiyo biyu, manyan motoci shaƙe da dawa, sojoji suna tsare da su. Aka ce gidajen da yunwa ta kashe musu maigida su za a fara ba kati, buhu ɗaya duk wata har damina. Wata Baturiya ta shigo gidanmu da tafintanta, wani Hashimu wanda ya taɓa aikin otel a Kano ya koyo Ingilishi. Ya ce da Ingilishi za a rubuta labarinmu, domin can ƙasarsu za a kai a karanta wa masu ba da taimako. Ya kuma rage murya ya ce da Faransanci babu wanda ya isa ya rubuta cewa yunwa ta kashe mutum a ƙasar nan, kumandan mai mulkin yankinmu ba zai ji daɗi ba.

Yaya, abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda suka zauna a kan tabarmar Baba suna zaɓen kalmar mutuwarsa kamar masu zaɓen zane a kasuwar Tasawa. Ka san ba na iya kallon baƙo a ido, amma na daure, kaina a ƙasa, na tambayi Hashimu me suke ta musu a kai. Ya ji daɗi ƙwarai da aka tambaye shi. Ya ce Turawa suna da kalmomin mutuwa da yawa. Akwai ta kowa da kowa, wadda ake faɗa wa mutum ake faɗa wa jaki, ya ce wannan ba ta sa kowa kuka. Akwai ta ladabi, kamar yadda muke cewa wane ya rasu ko ya huta, ya ce wannan ta tsofaffin da suka mutu a ƙoshe ce. Sannan akwai wadda Madam, wato Baturiyar, ta zaɓa, na kwafe ta harafi-harafi a bayan littafin waƙoƙina, ga ta: succumbed. Ya ce ana faɗinta ga wanda ciwo ko yunwa ta fi ƙarfinsa har ya saki hannu ya miƙa wuya, kamar ɗan kokawa da gwiwarsa ta taɓa ƙasa, kuma ana faɗinta ga wanda jaraba ta rinjaye shi. Ya ce ita ce mai buɗe aljihun mutanen can. Yana faɗi yana taunar goro, jan yawu na taruwa a gefen bakinsa.

Na ce masa Baba bai miƙa wuya ga kowa ba, a bakin aiki ya rasu, cikin rijiya. Bai ma fassara wa Madam ba. Dariya ya yi ya ce babu rijiya cikin jerinsu, in muna son rijiya sai mu jira wata ƙungiya. Daga nan suka sa Inna ta cire zanen da take zuwa majami'a da shi ta ɗaura tsumma, suka tuɓe wa Musa riga domin haƙarƙarinsa ya fito a hoto. Musa ya yi murmushi don bai taɓa ganin abin ɗaukar hoto ba, Hashimu ya daka masa tsawa ya ce ya ɓata fuska. Da suka gama, aka miƙo mini takardar da bik, tunda ni kaɗai ce mai rubutu a gidan, aka ce in sa hannu a matsayin shaida.

Na riƙe bik ɗin na kasa. Inna ta jawo ni bayan rumbu ta ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙo masa kamawa yake yi. Ta ce Allah ya san inda mijinta ya faɗi, unguwa ma ta sani, Turawan can ba su san shi ba balle su raina shi, amma Altine ta kwana biyu tana amai da anza. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Na koma na rubuta sunana, Rebeka Nuhu, ƙarƙashin ƙaryar da aka yi wa Baba, mai sunan Nuhun.

Roƙona gare ka guda ne. Kai ka iya Ingilishi, ka duba mini ko suna da kalma ta mutumin da mutuwa ta iske yana tsaye a kan aikinsa. In akwai, ka rubuto labarin Baba da ita yadda na ba ka shi, fasto ya karanta a majami'a ko da ba wanda zai gane. In babu, ka rubuto da Hausa. Buhun farko ya zo, jar dawa ce mai warin sito. Yaran suna ci suna neman ƙari, aman Altine ya tsaya. Ni ma ina ci, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Ina ci ina ƙyamar kaina, in na gama kuma in lashe hannu.

Inna tana gaishe ka da Maryamu, ta ce kada ka yi gangancin ƙetare iyaka. Musa da Altine suna gaisuwa, haka Kawu Ɗan Baba na Cake da Gwaggo Lauratu. Ka sa mu cikin addu'a.

Ni ce ƙanwarka,
Rebeka