Allunan Zuhura da Na Wanke

Tsibirin Pemba,
12 ga watan Shawwal.

Zuwa ga Yayana Faki,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Raya da yara baki ɗaya. Yaya ƙafar taka? 'Yarka Zuhura ta ce har yanzu kana hawa benen kantin nan na Maskat kana saukowa kamar ɗan shekara ashirin, likita na faɗin tasa kana faɗin taka. Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma rage maka taurin kai, ko da yake wannan addu'ar tun Inna na da rai ake yin ta. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Maigidana Makame ya gama tsinkar kanumfari, bana itatuwan sun yi abin kirki, shanya ta cika tsakar gida har kaji sun rasa wurin taka ƙafa. Alewar da ka aiko ta iso, mun sha gahawa da ita kwana uku muna sa maka albarka.

Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. Kai ne ka hana ni. In na kira, kafin in kai tsakiyar magana ka yanke hukunci ka ce a gaida Makame. Takarda kuwa ba a katse ta, don haka ka zauna ka karanta har ƙarshe. Maganar 'yarka ce Zuhura. Shekara biyun da ka ba ta don ta yi bincikenta a nan za su cika da Babbar Sallah, kuma ta ce alkawari ne, za ta tattara ta zo ta kama aikin ofishin da ka samo mata. Shekaranjiya na ga ta sauko da jakarta daga saman kabad tana kakkaɓe ƙura. Ta yi niyyar ta gaya maka binciken ne bai yi ba, ta ja bakinta ta yi shiru. To ni ba zan iya ba. Binciken ya yi, Yaya. Ni ce na lalata shi da hannuna.

Ka tuna dutsen murjanin da ke bayan gonakinmu na ciyawar teku, inda muke tsintar kifi muna yara in ruwa ya janye. Shekarar da aka yi zafin nan mai tsanani ya yi fari fat kamar likkafani, kifi ya watse, mazan garin nan suka ce ya mutu ke nan. Zuhura ta ce ba dutse ba ne kawai, wai halittu ne ƙanana masu rai da suke gina shi, har haihuwa suke yi, kuma abin da ta zo sani shi ne ko namu yana iya haihuwa har yanzu. Sai ta sa aka gasa mata alluna na yumɓu guda arba'in, kowanne kamar tafin hannu biyu, ta ɗaure su a jikin ƙarafa a gefen dutsen, inda ruwa ke kai wa mutum ƙirji in ya janye. Ta ce 'ya'yan murjani za su zo su manne a jiki, ita kuma ta ƙirga su. Wannan bayanin duk daga baya na fahimce shi. A lokacin, in ta fara, nakan ce to Malama, ci abincinki kada ya huce. Matan gona ma tsokanarta suke yi, maƙwabciyarmu Bi Chumu takan ce mu muna shuka ciyawa mu girbe a kwana arba'in, ita 'yar jami'a ta shuka tukwane, Allah ya kai mu ranar girbi mu ga miyar da za a yi da su.

Wata goma sha tara allunan nan suna cikin ruwa. Sai zazzaɓi ya kwantar da ita kafin azumi, mako biyu ba ta san inda kanta yake ba, tana ta sambatu da alluna. Wata safiya da ruwa ya janye sosai na gama da igiyoyin da muke ɗaure ciyawa a jiki, na ce bari in leƙa wa yarinyar nan kayanta. Da na ɗago ɗaya sai raina ya ɓaci. Gansakuka ce kore shar, da wani ɓawo-ɓawo mai kaushi, da ƙuraje farare birjik. Ka san aikinmu. Tun muna ƙanana aka koya mana cewa duk abin da ya manne wa igiya maƙiyin shuka ne, macen da ta bar igiyarta da datti kuwa ita ce abin zunɗe a bakin ruwa. Na ce ba za a ce 'yar ɗan'uwana na kwance ni kuma na bar gonarta ta zama juji ba. Na koma gida na ɗauko soson kwakwa da tsohuwar wuƙa. Kwana uku ina yi, kullum har sai ruwa ya dawo ya kore ni. Na kankare su duka arba'in, suka fito jajir kamar ranar da aka gasa su, yatsuna duk suka tsattsage. Ina komawa gida ina jin daɗin kaina.

Ranar da ta iya zama ta sha kunu, na ba ta albishir. Wallahi da fara'ata na faɗa. Ta ajiye kofin, ta tambaye ni nawa na wanke. Na ce duka mana, ai ba na aikin rabi. Sai ta ce, Gwaggo, ƙurajen nan su ne 'ya'yan. Ta kama hannuwana ta juya su, ta ga yankan, ta ce wannan zai yi ruwa in ba a kula ba, ta tashi da jiri ta ɗauko man kwakwa ta zauna tana shafa mini yatsa bayan yatsa. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Rashin sani ya fi dare duhu, Yaya, na yi kuka ranar nan irin wanda ban yi ba tun rasuwar Inna.

Ta sayi wasu allunan, amma ta ce matsalar ita ce ba ta san takamaiman lokacin da namu ke haihuwa ba, na farkon ma sa'a ta gwada, ga lokaci ya ƙure. Ina tsince shinkafa tana wannan maganar, sai Inna ta faɗo mini a rai. Ka tuna safiyar da takan hana mu shiga ruwa sau ɗaya a shekara, bayan iskar kudu ta kwanta, kwana kaɗan da cikar wata? Ruwa ya wayi gari da wani kumfa ja-ja a samansa, yana ƙarni, ta ce kowa ya koma gida, duwatsu na jego, ba a taka mai jego. Kai ka taɓa saɓa mata ka sha murɗar kunne. Na faɗa wa Zuhura ina jin kunya, don na ɗauka camfi ne na tsofaffi. Yarinyar nan ta miƙe tsaye har ta ture mini faranti, ta sa na maimaita sau uku tana rubutawa. Muka kafa allunan kafin watan ya cika. Safiya ta biyar bayan cikarsa muka fita da asuba, ƙarnin ya riga ya tare mu tun daga kan yashi. Ta ɗebi kumfan a kwalba ta ɗaga wa rana, ƙwai ne ƙanana ba iyaka. Bi Chumu da ke tsaye ta ce to, ashe tukwanen na da miya.

Makon jiya ta ciro allo ɗaya ta sa a kwano da ruwa, ta ce in duba ta cikin madubinta mai ƙara girman abu. Na ga wani ɗigo da bai kai ƙwayar riɗi ba, zagaye, da 'yan hannuwa yana motsa su a hankali. Irinsa ɗari nawa na kankare, Allah kaɗai ya sani. Ta ce shekara guda suke bukata kafin a san ko za su rayu, kuma a littafin da za ta kai wa malamanta za ta rubuta sunan Inna, Mwatima binti Kombo, a matsayin wadda ta san ranar.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ba wanda ke faɗa maka. Ba aikin ofis ne damuwarka ba. Tun ranar da kwale-kwalen Baba ya dawo babu Baba ka juya wa teku baya, shekara talatin da huɗu ke nan ko ƙafa ba ka sa a ciki ba, kuma duk sanda aka ce Zuhura ta nutsa sai ka kasa cin abinci, Raya ta gaya mini. Ban ga laifinka ba, ni ma mahaifina ne. Amma ba ta fita sai da Makame a kwale-kwale, ba ta fita in iska ta tashi, wannan na ɗaukar maka alkawari. Yarinyar nan ta cika nata alkawarin, ni ce na goge mata shekarunta da soson kwakwa. In ka kira ta yanzu za ta zo, ba za ta musa maka ba, za ta zauna a ofis tana murmushi, ni kuma in mutu da sanin cewa ni na kore ta daga ruwan kakarta. Ban taɓa roƙonka komai ba tun da ka tafi. Ka ba ta shekara ɗaya, ka kuma faɗa mata da bakinka, kada ka aiko Raya.

Ka gaida Raya da kyau, ka ce ina godiya da turaren. Ka gaida Nassor da amaryarsa, da Pandu, da auta Shemsa, Allah ya ba ta sa'ar jarrabawa. Makame yana gaishe ka, Bi Chumu ma ta ce a gaida mai gudun ruwa. Zuhura ba ta san na rubuto ba. Ka yi haƙuri da rubutun, yatsa biyu ba su gama warkewa ba. Kullum in na gama da igiyoyina nakan bi ta wajen allunan in tsaya in dube su, sun fara yin datti sosai, ni kuma hannuwana na riƙe a bayana. Jakar tana nan a bakin gado, ban bari ta zuba komai a ciki ba. Muna jiran amsarka.

Taka ƙanwa har kullum,
Mwanakombo binti Shaame