Gungumen Mashaya da Carbin Usman

Da sunan Allah Mai rahama. Ni Shu'ibu ɗan Umara, mazaunin Haɗeja, na rubuta wannan da hannuna a watan Rajab, shekara ta 1291 bayan Hijira. Ƙafafuna sun kumbura, numfashina ya gajarta, amma hankalina yana nan daram. Isa ɗana, ka karanta da ƙarfi, ƙanwarka 'Yar'azumi ta ji.

Na farko. Gungumen da na kafa a mashayar gabas, kada a tumɓuke shi. Shekara talatin da huɗu ina tsaga shi a duk inda ruwan kogi ya kai, ina rubuta ranar da tauraron da ake ciki. Da wannan nake gaya wa manoma lokacin shuka shinkafa a fadama, da lokacin kwashe kaya zuwa tudu. Takardun suna cikin jar gafaka, naka ne Isa. Sau biyar lissafina ya kuskure. Na rubuta su ma, kada ka goge.

Na biyu. Carbin da ke rataye a ɗakina ba nawa ba ne, na baffanku Usman ne. A kai wa 'yarsa Mairam a Miga, tare da rabin fadamar da mahaifinmu ya bar mana.

Ba ku san dalilin tafiyarsa ba, don na hana a faɗa. Shi mutumin halwa ne da zikiri, ni mutumin awo. Mukan wuni muna musu a zaure har tuwo ya huce. A shekarar babbar ambaliya na ga ruwa ya hau kamu guda cikin kwana uku, abin da ban taɓa gani ba. Na shiga jirgi zuwa ƙauyen masuntan da yake zaune a cikinsu, na ce su tashi. Shi kuwa ya fito daga halwar kwana arba'in ke nan, ya ce an nuna masa ƙauyen cikin aminci. Mutane suka bi maganarsa. Ruwa ya ci mutum bakwai, har da uwar Mairam.

Ranar sadakar uku, a gaban jama'a, na ce masa, "Itace ya fi ka gani."

Ya ajiye carbinsa a kan buzu, ya bi ayarin Barno. Shekara ashirin da biyu ke nan. Gaskiyar ruwa tana wurina a ranar, amma ba don gaskiya na faɗi haka ba, don in ci nasara ne. Tun daga nan mutane kan zo su tambaye ni kogi, in amsa, su tafi. Ba wanda ya ƙara zama ya yi musu da ni.

Da mahaifiyarku Kulu ta kwanta, na san ciwonta, na san saiwar da ake jiƙawa, har na ƙiyasta kwanakin da suka rage mata, kuma ban kuskure ba. Da aka dawo daga maƙabarta, duk wannan sani bai iya zama da ni a ɗaki ba. Na sauko da carbin, na ja wuridin da na daɗe ina yi wa dariya. Na sami abin da ya riƙe ni. Ban san sunansa ba, ba ni da ma'auninsa, amma ba zan ce babu shi ba.

Na uku. Abin da ake iya aunawa, ku auna shi, kada mafarkin kowa ya hana ku hawa tudu. Abin da ba ya aunuwa, kada ku raina mai nemansa.

Na huɗu. Isa, ka faɗa wa Mairam kalmar da na faɗa wa ubanta, ba ragi, ka roƙa mini gafararta. In ta ƙi, haƙƙinta ne, ka koma baɗi. Duk ayarin da ya sauka daga gabas, a tambayi labarin Usman. In yana raye, ɗakina nasa ne. In ya riga ni, ku haɗa mu a addu'a ɗaya.

Allah ya yi muku albarka, ya raya zuriyarku. Ku uku ne yanzu, har da Mairam. Ku yi saɓani in ya kama, amma kowa ya kwana ya tashi ya san inda ɗan'uwansa yake.