Firintar da Aka Ce Na Kashe

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yaran duka. Yaya ƙafar taka, ta daina kumburin?

Da biro nake rubuto maka, ni da na shekara goma sha ɗaya ina buga wa makaranta takardu. Ranar Litinin aka ba ni takardar tuhuma, ta farko a rayuwata, wai na lalata babbar firintar ofis ana dab da jarrabawa. Wanda ya shafa mini wannan kashin kajin shi ne mai kula da kwamfutocinmu. Injiniya muke ce masa, kodayake ban taɓa ganin takardar da ta ba shi sunan ba.

Ranar Juma'a kafin nan shi da kansa ya zauna a kujerata ya sabunta tsarin kwamfutata gaba ɗaya. Tun daga nan firinta ta daina amsawa. Fitilarta na ci, tana ƙugi in an kunna ta, amma kwamfuta ta ce ba ta san ta ba. Sai ya je ya gaya wa Shugaban makaranta shayi na zubar a ciki ya ƙona ta. Kai shaida ne, shayi ko a gida ba ya gabana.

Na san abin da ya tsone masa ido. A ofis ɗinmu duk na'urar da ya ce ta mutu, jar takarda yake manna mata a kai ta sito, bayan wata uku ya kwashe da sunan zai kai bola. A taron ma'aikata na tambaya, ba da wata manufa ba, wace bola ce wannan da ba ta cika. Mutane suka yi dariya, shi bai yi ba.

Kwamitin ladabtarwa zai zauna nan da sati biyu, in suka yarda da shi sallama ce. Wallahi na tsani mutumin nan, kuma ba zan bar masa ba. Kai ne ka san kan kwamfuta a gidanmu, ka gaya mini abin yi. Don Allah kada Inna ta ji, ka san jininta.

Ka gaishe mini da kowa.
Ƙanwarka, Auta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na ji daɗin kiranka, na kuma ji daɗi da ƙafa ta fara sauƙi.

Yadda ka faɗa haka ne. Direba ne, wannan 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane firinta. Tsohon ne ya ƙi jituwa da sabon tsarin. Lokacin hutun rana, da kowa ya fita, na roƙi dattijon da ke riƙe da makullin sito, muka kinkimo firintar daga can a kan kujera mai taya. Na fara ajiye wurin komawa kamar yadda ka ja mini kunne, don in abu ya ɓaci in mayar da kwamfutar yadda take. Na sauke manhajar kyautar da ka ce tana sabunta direbobi daga ainihin shafinta, na kauce wa manyan korayen maɓallan nan na talla, duk da sau biyu hannuna ya kusa kai musu. Ta bincika ta jero direbobi tara da suka tsufa. Na firinta kaɗai na zaɓa. Ko minti biyar ba a yi ba sai ga takarda ta fito da ɗuminta. Na rungume ta na yi kuka, dattijo ya juya kai kamar bai gani ba.

Ka ce in tafi wurin Shugaba nan take a rufe magana. Ka yi haƙuri, Yaya, ban je ba. Da na je, Injiniya cewa zai yi bushewa ta yi, a bar zancen a nan, ni kuma in ci gaba da yawo da tabo. A gaban mutane ya ci mutuncina, a gaban mutane zan karɓi abina. Na mayar da ita sito da jar takardarta a goshi. Kwana uku ina gwada sauran da ke can, sikana biyu da wata ƙaramar firinta, duk suka tashi garau.

Kullum da safe ina gaishe da Injiniya har da russunawa. Jiya ma ya ba ni shawarar in fara neman wani aikin, na yi masa godiya.

A shafa mini kan yara.
Taka, Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku baki ɗaya, ga yadda aka ƙare.

Mutum biyar ne a kwamitin. Na bar Injiniya ya zuba son ransa. Ya ce da hannunsa ya kwance firintar, da idonsa ya ga allon cikinta ya ƙone ƙurmus. Na roƙi a tambaye shi ko ya tabbata, ya rantse, sakataren kwamiti ya rubuta. Sai na nemi izini a shigo da na'urorin huɗu. Na jona su ɗaya bayan ɗaya, ban yi gaggawa ba ko kaɗan. Da babbar ta fara zaro takarda, gumi ya karyo masa duk da fankar da ke kansa. Shugaba ya sa a kwance bayanta, aka tarar ko hatimin kamfani ba a taɓa yagewa ba. Daga nan aka koma tambayarsa ina na'urorin shekarun baya, ya yi ta kame-kame har abin ya zama abin kunya.

An cire tuhumar daga fayil ɗina. Shi kuma an sallame shi, kuma ka san duk makarantar nan ni kaɗai ce mai buga takardu. Shugaba ya ce in ba zan iya buga takardar sallamarsa ba a kai waje. Na ce zan iya. Na zauna na buga ta. Ban taɓa buga takarda mai tsabta irin wannan ba, ko waƙafi ɗaya ban kuskure ba. Da ya zo karɓa ya kasa kallon idona, ni kuwa na kalle shi har ya fita.

Na san abin da za ka ce, yana da iyali, in yafe. Na tuna da 'ya'yansa, raina bai so ba, amma shi bai tuna da Inna ba ranar da ya rantse. Zan yafe masa in Allah ya yarda, sai dai ba wannan watan ba.

Yanzu kana iya gaya wa Inna.
Ƙanwarka, Auta